Kafin Ragon Suna: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana

Babana,

Yaya jikin 'yar tawa, ya laulayin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raba lafiya.

Ka san a wajenmu uwa ba ta zaunar da ɗanta namiji ta yi masa zancen cikin matarsa. Ko na kira ka ɗaki don in faɗa, kai za ka sunkuyar da kai, ni kuma in kama wani zancen. Shi ya sa na ɗauki biro. Na kuma yarda a buga wasiƙar kowa ya gani, saboda abokanka da kuka yi aure shekara ɗaya su ma iyalansu na kan hanya, kuma kunyar da nake ji ita iyayensu mata suke ji. Bambancina da su ɗaya ne, na ƙare ƙuruciyata a ɗakin haihuwa ina aikin ungozoma, na ga abin da shirun nan yake jawowa.

Ƙanwarka ta ce min ka shiga adashi saboda ragon suna da atamfofin fitar suna, har ka fara cigiyar gadon jariri. Na ji daɗi, don ya nuna ka san girma ya kama ka. Rago sunna ne, za a yanka in sha Allah, ko matsakaici ne ya wadatar. Amma ina so ka raba kuɗin nan, kaso mai tsokar ka kashe shi yanzu, cikin watannin nan, a kan tukunyar gidanka da kuɗin motar zuwa awo. Abin da zai zama tsoka da ƙashi a jikin jikana yau yake shiga, gobe ma haka, ranar suna kuwa an riga an gama wannan aikin.

Bari in gaya maka abin da nake tsoro. Idan aka haifi jariri, aka yanke cibiya aka goge shi, mukan ɗora shi a sikeli. Lafiyayyen da ya cika watanninsa yakan kai wajen kilo 3 ko ya ɗara kaɗan. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, wato giram 2,500, shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a layin masu ƙarancin nauyi. Wani zai ce rabin kilo ai ba wani abu ba ne. Wanda bai taɓa riƙe irin jaririn nan a hannunsa ba ne zai faɗi haka. Fatarsa ta yi masa yawa, ta tattare a cinyoyi saboda babu kitsen da zai cike ta. Kana iya ƙirga haƙarƙarinsa yana numfashi. A sa masa nono a baki, ya ɗan tsotsa, ya gaji, ya saki ya yi barci, ba don ya ƙoshi ba. In hunturu ne, kafin a gama yi masa wanka tafin ƙafarsa ya yi sanyi ƙalau, don jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. Sukarin jininsa na saurin faɗuwa, shawara na saurin kama shi, cutar da babban jariri zai ture shi ita ke kayar da shi. Uwar tana kallonsa, nono ya cika ƙirjinta yana zuba, shi kuma ba shi da ƙarfin ja.

Ƙiyasin da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar game da shekarar 2020 ya ce jarirai miliyan 19.8 aka haifa a haka, kusan ɗaya cikin kowane bakwai a duniya. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na jariran da ke rasuwa a watansu na farko daga cikin irinsu suke. Mu nan ko lissafin ma bai cika ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kaɗai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Wanda aka haifa a ɗaka ba kasafai ake auna shi ba. 'Yan barka su leƙa su ce ɗan firit ne amma zai murje, kafin suna ya zagayo a ce ya koma.

Hanya biyu ce ke kawo wannan. Ko jariri ya zo kafin lokacinsa, kafin ciki ya cika mako 37, shi ne bakwaini, ko ya cika watanninsa cif amma bai sami abin da zai girma da shi a ciki ba. Wani ma ya haɗa biyun. Akwai dalilan da ba a hannun kowa suke ba, kamar tagwaye, ko wata matsala a halittar mahaifa. Allah ne mai ƙaddarawa, wannan ba mu da ta cewa. Sai dai mafi yawan dalilan a jikin uwa suke: abin da take ci, yawan jininta, sauron da ke cizonta, aikin da take yi, da ko an duba ta a kan lokaci. A gida irin naka kuwa kai ke cefane, kai ke ba da izinin fita, kai ke da kuɗin mota. Don haka na rubuto maka, ban rubuta wa ita ba.

Dubi yadda muke yi. Ranar da mace ta sauka sai gida ya cika. A yanka kaji, a kawo kayan ƙauri, a dama kunu safe da yamma, a gasa nama, a hana ta ɗaga ko tsinke har ta yi arba'in. Al'ada ce mai kyau, ba na son a bar ta. To amma wata taran da suka wuce fa? Ita ce ta ƙarshen zuba wa kanta abinci, bayan ta zuba wa maigida da baƙinsa da almajirin gida. Naman miya ya tafi kwanon waje, ita ta suɗe tukunya. Manomi tun shuka tana ƙasa yake zuba taki, ba ranar girbi ba. A watanni ukun ƙarshe ne jariri ke tara mafi yawan nauyinsa, har yakan ƙara wajen giram 200 a mako guda, kuma duk ta cibiya yake samu, daga mabiyiya, daga jinin uwarsa. Abin da babu a jinin nan ba shi da inda zai samo shi.

An gwada wannan maganar a ƙasar Gambiya, a yankin Kiyang ta Yamma. Manoma ne irin namu, damina ce lokacin wahalarsu: rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, ga sauro. Masu bincike na cibiyar Keneba suka ɗauki ƙauyuka 28, suka raba su biyu. A wasu ƙauyukan ana ba mace biskit biyu kullum tun daga tsakiyar ciki har ta haihu. A sauran kuma sai bayan ta sauka ake fara ba ta, kamar dai yadda mu muke yi. Biskit ɗin ba wani abin ƙasar waje ba ne, gyaɗa ce da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna jariran matan da suka ci tun suna da ciki sun fi nauyi da giram 136, a lokacin yunwar damina ma bambancin ya kai giram 201. Haihuwar ɗa babu rai da mutuwar kwanakin farko suka ragu da kusan rabi. Gyaɗa, Babana, wadda ake aunawa a bakin kasuwar unguwarku.

Ba na ce ka je kanti ka ɗebo gwangwanayen madara masu tsada ba. Ka tabbata akwai wake a gidan, da ƙuli-ƙuli, da waken suya na yin awara. Kunun gyaɗa da safe, kwaɗon zogale ko na rama da rana, miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, dafaffen nono da fura, ƙwai ko ɗaya ne a rana. In lokacin mangwaro ne ko goba ko gwanda, ka shigo da su. Abin da ake bukata shi ne ta ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda ta saba, kuma ya zama ba tuwo kaɗai ba. Kawowa bai isa ba, ka ga ta ci. Ka zauna ku ci tare, ka tura naman gabanta. Amarya ce, kunyarka take ji har yanzu, ba za ta ce maka ba ta ƙoshi ba. Wanda ya ce muku mai ciki ba ta cin ƙwai wai ɗa zai yi sata, ku gode masa, ku dafa ƙwanku. Yanzu da laulayi ke damunta, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. In aman ya kai ko ruwa ba ya zama a cikinta, wannan na asibiti ne, ba na haƙuri ba.

Akwai maganar da za ta shigo gidanka ko ba ka gayyace ta ba. Za a ce ta rage ci, ta bar shan maganin asibiti, kada ɗa ya yi ƙato ya ƙi fitowa a kai ga yi mata aiki. Ban raina masu faɗin haka ba. Mata ne da suka ga 'yan'uwansu sun kwana uku a kan gwiwa, suka ga masu yoyon fitsari, suka raka gawa. Tsoronsu na gaskiya ne, maganin da suka zaɓa ne ba daidai ba. A binciken Gambiyar nan an auna kawunan jariran, aka ga kewayen kan bai ƙaru da fiye da milimita 3 da ɗoriya ba. Nauyin ya tafi jiki ne. Abin da ya fi jawo doguwar naƙuda shi ne ƙugun yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba, ko kwanciyar ɗa ba daidai ba, sai kuma jinkirin kai ta asibiti. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga a 1985. Sun ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, su da 'ya'yansu. Sun kuma ga wani abin mamaki: ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu tsawo suka ƙara suna ɗauke da cikin. Jikinsu yana neman ya girma, ɗan ciki ma yana nema, abincin bai ishi biyun ba. Ɗan da ya wuce misali a girma kuwa galibi ciwon suga ne ke kawo shi, shi ma a wajen awo ake gano shi.

Sai maganar jini. Binciken 2018 ɗin nan ya sami kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini. Wato yawancinsu da rashin suke shiga ɗakin miji, ciki ya zo ya ƙara ja. Jini shi ke ɗaukar iskar numfashi zuwa mabiyiya, in ya yi ƙasa ɗa ba ya girma yadda ya kamata, uwar kuma ko ɗan jini kaɗan ta zubar wajen haihuwa sai ya zama abin tashin hankali. In an auna aka ce jininta bai kai 11 ba, ya yi ƙasa. Za a ba ta jan maganin nan na ƙarin jini da ɗan ƙaramin da ake haɗawa da shi, kullum sau ɗaya har bayan haihuwa. Na san inda ƙwayoyin nan ke ƙarewa a gidaje da yawa, ƙarƙashin katifa ko bayan madubi, don suna tayar da zuciya, suna sa bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi. Baƙin nan ba cuta ba ne. In yana tayar mata da zuciya ta sha da daddare bayan ta ci abinci. Kada ta kora shi da shayi, shayi na hana jiki ɗaukarsa, lemon zaƙi kuwa na taimaka masa. Kai ka riƙa miƙa mata da hannunka tare da kofin ruwa. In ka ga ta fara kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ko tana haki daga ɗan tafiya a tsakar gida, ka duba cikin fatar idonta da tafin hannunta. In sun yi fari ku koma a sake aunawa.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi cin mai cikin fari, kuma nan nake so ka fi buɗe kunne, don shi ne wanda ba a gani. Mu da muka tashi cikin sauro jikinmu ya saba da shi har wani mataki, amma ciki na farko yakan karya wannan sabon. Ƙwayar cutar sai ta je ta maƙale a cikin mabiyiya, ta toshe hanyar abincin ɗa. Uwar na iya yawonta ba zazzaɓi ba ciwon kai, a tsaga yatsa a gwada ma wani lokaci ba a ga komai ba, alhali ɗa yana can yana ramewa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke. Shi ya sa ake ba kowace mai ciki Fansidar ko lafiyarta ƙalau, daga shigarta wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin ta haihu, kuma a gaban ma'aikaciya take haɗiye ƙwayoyin. Wadda ta fara awo a wata na bakwai ta riga ta yi asarar rabin wannan kariya. Gidan sauro mai magani kuma kai za ka buga ƙusoshinsa ka ɗaura. In sabo ne ka shanya shi a inuwa kwana ɗaya tukuna. Za ta ce zafi, ka buɗe taga, ka shiga ciki tare da ita. In zazzaɓi ya kama ta, kada ka tsaya kemis a haɗo maka magani da ka, wasu magungunan ba na mai ciki ba ne.

Na san al'adarmu ta ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, musamman na fari. A ɓoye wa maƙwabta ba laifi, amma ban da ma'aikatan asibiti. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Wasu maza gani suke ɓata lokaci ne, a wuni a layi a dawo da 'yan ƙwayoyi. Abin da ake yi a ɗakin nan ba su sani ba. Muna ɗora tef daga ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya. Daga wata na shida tsawon nan a santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonnin cikin. In na auna mace mai mako 32 na sami 27, na san akwai magana, sai in tura ta hoto. Ba wanda zai gane haka da ido a gida.

Sannan ana auna hawan jini da fitsari, kuma wannan shi ya fi hana ni barci a kan mai cikin fari. Akwai hawan jinin da ciki ke kawowa bayan mako 20, ko ga macen da ba ta taɓa yinsa ba. In ya kai 140 a kan 90 an shiga layin haɗari. Jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya sai su matse, ɗa ya daina girma, wani lokacin dole likita ya ciro shi kafin lokacinsa don a ceci uwar. Na sha karɓar yarinya fuska ta kumbura har idanu sun shige, zobe ya nutse a yatsa, masu rakiya suna cewa ai ƙibar ciki ce, ko alamar tagwaye. Da ta fara jijjiga sai aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da tofi har gari ya waye kafin a nemo mota. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi ta a cikin motar. Ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zubar jini ko ruwa, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, kowanne daga ciki a tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Ka ba ta izinin zuwa asibiti a buɗe tun yanzu, da bakinka, a gaban wani babba na gidan, yadda ba sai an nemo ka a waya ba. Ka ajiye kuɗi a hannunta waɗanda ba na cefane ba. Ka yi magana da mai mota ko mai adaidaita sahu na kusa da zai amsa kira da daddare. Na ga mata da yawa da aka kawo a makare don kawai maigida ya yi tafiya, ba wanda ya isa ya ce a fita da ita.

Wannan sakin da kunya nake rubuta shi, amma dole ne. Za a gwada jininta don tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta. Kai ma ka miƙa hannu a gwada naka. Tunjere na kashe ɗa a ciki ko ya fito da shi a tsumbure, alhali allurar fenisilin na maganinsa. In aka yi mata magani ba a yi wa miji ba, aikin banza aka yi. Haka ciwon sanyi da zafin fitsari, in aka bar su suna iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Kada ta yi ta jiƙe-jiƙe a kansu. Maganin zaƙi da sauran tsime-tsimen da za a yi ta aiko mata, ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsu, ta ajiye su.

Kai ba ka shan taba, alhamdu lillahi, amma na san a majalisarku akwai masu busa shisha. Kada ka bari a kunna a zaurenka. Macen da ke shan taba jaririnta kan ragu da wajen giram 200, wadda ke shaƙar ta wani ma tana samun rabonta. Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi shi ma haka yake yi a hankali. In da hali ka cika mata tukunyar gas, in babu ta yi girki a fili inda iska ke kaɗawa. Goro da shayi mai kauri kuma ta sassauta.

Aikin gida ba ya cutar da mai ciki, motsi ma na da amfani. Abin da ke cutarwa shi ne jan ruwa a rijiya, ɗaukar jarka, surfe da daka, da tsugunno a kan wanki tun safe har azahar, musamman cikin zafin bazara. Ka saya mata ruwa, ka kai niƙa inji, ka ɗauko ƙanwarka ta zo ta kama mata. In azumi ya riske ta da cikin nan, addini ya yi mata rangwame, ku tambayi malami da likita, kada ka bari kunya ta sa ta takura kanta. Ka kuma kula da zuciyarta. Macen da ke kwana da kuka ba ta cin abinci, ba ta barci, jininta na hawa. Na karɓi matan da duka ya fasa musu faya kafin lokaci. Na san ba haka na rene ka ba, amma tsawa da ɗaure fuska da kwanan zaure su ma suna taɓa ta. In kana da fushin kasuwa ka bar shi a ƙofar gida.

In Allah Ya sauke ta lafiya, ku bar jikinta ya huta. Kakanninmu sun san illar kwanika tun kafin likita ya faɗa. Shawarar masana ita ce a sami wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma ta yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini. Macen da ta ɗauki ciki jininta bai dawo ba, na goye zai rasa, na ciki ma zai rasa. Shekaru ma na da tasiri. Wadda ba ta kai 18 ba da wadda ta haura 35 sun fi haihuwar ƙananan jarirai. Taka ta wuce ashirin, wannan ba damuwarka ba ce yau. Amma kana da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, kuma yanzu ana jin maganarka a dangi. In aka taso da zancen aurar da yarinyar da ba ta gama girma ba, ka tuna 'yan matan Zariya, ka sa baki.

Abin ba ya tsayawa a watan farko. Yarinyar da aka haifa ƙarama, in ba ta sami kulawa ba, takan tashi gajeriya, ita ma ta zo ta haifi ƙarami. Wani likitan Ingila, David Barker, ya tono tsofaffin littattafan da ungozomomi suka rubuta nauyin jarirai a yankin Hertfordshire tun daga 1911, ya bi mutanen har tsufansu. Abin da ya buga a 1989 ya nuna waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Binciken da ya biyo baya ya haɗa da hawan jini da ciwon suga. Kwanon da za ka tura gabanta yau zai bi jikana har furfurarsa.

In kuma bayan duk ƙoƙarinku ya zo ƙarami, kada ka karaya, kada kuma ka bari kowa ya ɗora mata laifi. Ka tabbata an auna shi a ranar farko. Kada a yi masa wanka sai ya kwana ɗaya aƙalla, a goge shi kawai a sa masa hula. Dakashin nan na farko da ake matsewa a zubar, shi ne abin da ya fi bukata. In ba ya iya ja a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Ba kowane ƙaramin jariri ne sai an sa a kwalba ba. A 1978, a wani asibitin Bogota ta ƙasar Kolombiya da kwalaben suka yi kaɗan, Dakta Edgar Rey ya fara sa uwaye su kwantar da jariri a tsakiyar ƙirjinsu, fata da fata, a ɗaure da zani. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yin haka nan take bayan haihuwa. Mu da muka iya goyo ba zai ba mu wuya ba, goyon ne ya dawo gaba. In uwar ta gaji ko za ta shiga wanka, kai ka cire riga ka karɓa.

Na ji iyayenta na son ta je goyon ciki in ta shiga wata na bakwai. Ka bar ta ta je, haƙƙinsu ne. Amma ka haɗa ta da katin awonta da magungunanta da gidan sauronta, ka je da ƙafarka ka ga asibitin da za ta ci gaba da awo a can, cefanenka kuma ya riƙa bin ta. Maganar haihuwa a asibiti ni zan yi ta da mahaifiyarta, mu mata mun fi sanin yadda za mu faɗa wa juna. Kai dai ka ɗauki hoton katin da wayarka bayan kowane awo ka turo min, ina son ganin awon jininta da na hawan jinin da nauyinta.

Ka gaishe min da ita ƙwarai, ka ce zan aiko mata da garin kunu da zogalen da na shanya. Babanku na gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya sauke ta lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyarka.